Sharhin Bature Ba Nassi Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata cuta da ta kama masu nazarin adabi a cikinmu, ita ce hadda. Da an ambaci wasan Hamlet, wanda Shekispiya ya rubuta wajen 1600, sai mu zubo abin da Bradley ya faɗa a 1904, wai baƙin ciki ne ya hana ɗan sarkin Danmak saurin ɗaukar fansar ubansa, mu rubuta, mu ci jarrabawa, mu yi shiru. Shin mun taɓa tambaya ko su masu sharhin bakinsu ɗaya ne?

To, ba ɗaya ba ne. Voltaire na Faransa, a 1748, ya ga wasan ɗanye ne, aikin marar tarbiyya. Goethe na Jamus, a ƙarshen ƙarni na 18, ya ga saurayi mai taushin zuciya da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa. Coleridge ya ce yawan tunani ne ya kashe masa himma. Freud, a 1900, ya ce wata ɓoyayyiyar sha'awa ga uwarsa ce ta ɗaure masa hannu. T. S. Eliot kuwa, a 1919, ya yanke hukuncin cewa wasan ma bai ginu ba. Kowane gauta ja ne, kowane mai sharhi kuma da idon zamaninsa ya duba.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, an riga mu a ƙasar nan. A 1966 Laura Bohannan ta buga labarin yadda ta ba dattawan Tibi tatsuniyar Hamlet. Suka ce ƙanen da ya auri matar wansa daidai ya yi, fatalwar kuma aikin mayu ce. Ba su nemi izinin kowa ba kafin su auna labarin da ma'auninsu.

Mu fa, mutanen Sakkwato, ba mu da ma'auni ne? A garin da Shehu Usmanu yake kwance, kowane almajirin fiƙihu ya san kisasi ba a yinsa da zato. Sai da shaida ko iƙirari a gaban alƙali, magadan mamaci su zaɓi kisasi ko diyya ko yafewa, hukuma ta zartar. Da wannan ido, jinkirin Hamlet ba ciwo ba ne. Wane alƙali ne zai karɓi shaidar fatalwa? Laifinsa na gaskiya ya zo ne ran da ya yi gaggawa, ya soke Polonius ta bayan labule bai ga fuskarsa ba. Daga nan rai takwas suka salwanta, sarauta ta koma hannun baƙo daga Norwe.

Ga kuma babbar tambayar da hadda ta rufe mana: ina mai ƙara zai kai kukansa idan mai kisan shi ne sarki? Wannan ba baƙuwar tambaya ba ce a wurinmu. Zaluncin sarakuna yana cikin abubuwan da Shehu ya zayyana a Kitabul Farƙ, kuma ma'aikacin gwamnati da ya ga ɓarna a saman bene zai gamu da ita gobe a ofis.

Muna kuma da namu labarin fansa. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, Abubakar ya rama ƙwace masa Zainab da Malam Shaihu ya yi ta hanyar lalata ɗansu Kyauta, yaron da bai ci ba bai sha ba. Mu nawa ne muka taɓa ajiye shi kusa da Hamlet muka gwada?

Ba cewa muke a ƙone Bradley ba. A karanta shi, a karanta waɗanda suka saɓa masa, sa'an nan ɗalibi ya faɗi nasa da hujja, malami kuma ya ba shi maki a kan hujjar. Kayan aro ba ya rufe katara. Allah ya sa mu farga.