“Kara ɗaya ba ya kisa”, in ji abokan fada

Duk wanda ya san fadojin ma'aikata da rumfunan ƴan kasuwa a Madawa, Buza ko Kaita ya san wannan mutum. An ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibitin Galmi ko babban asibitin Tawa, baki ya karkace, hannu ya saki. Iyali suka karyar da albasa da tumaki don biyan magani. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi. Bayan wata uku ga shi a fada, aboki na miƙa masa sigari yana cewa kara ɗaya ba ya kisa.

Ƙarya ce. Shanyewar ɓarin jiki tana zuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, kuma wanda ta taɓa sau ɗaya ya fi kowa kusa da ta biyu. Hayaƙin taba yana lalata bangon jijiya, yana sa jini saurin gudajewa. Binciken da mujallar likitocin Ingila, BMJ, ta buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya a yini yana ɗauke da wajen rabin ƙarin haɗarin mai shan ashirin. Wanda ya koma ga taba gari da kanwa, wai don ba ta da hayaƙi, kansa yake ruɗi: nikotin na nan, kanwa kuwa ƴar'uwar gishiri ce.

Giya ta fi wuyar magana, don ba a shan ta a sarari. Majinyaci na ɓoye wa likita, likita na jin nauyin tambayar Alhaji ko Mushe. Alhali tana tada hawan jini, kuma in ta haɗu da asfirin da aka rubuta masa tana iya sa ciki zubar da jini.

Hukuma fa? Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kafa doka mai lamba 2006-12 ran 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana shan taba a wuraren jama'a da wuraren aiki. Mai teburin da ke ƙofar ma'aikata bai fasa sayar da sigari kara-kara ba, baitulmali kuma bai fasa karɓar harajinsa ba. Kuɗin kwanciya ta biyu a asibiti dai daga aljihun iyali zai fito, in akwai sauran tumakin sayarwa.