Makaranta Mai Harshe Biyu

Dugabau gari ne a ƙasar Kabo, yamma da birnin Kano, ba nisa da Gwarzo. Yaron da aka haifa a can da Hausa ake aikensa, da ita kakarsa take yi masa tatsuniya da dare. In ɗan Fulani ne, ya taso da Fillanci kuma. Ran da ya isa shiga makaranta, sai ya tarar da wani harshe yana jiransa a jikin allo, watau Turanci. To, wanne zai riƙe, wanne zai saki?

Ni dai a ganina ya riƙe duka biyu, kuma malamai da iyaye su taimake shi. Bari in gaya muku dalili.

Hausa ita ce harshen da kuka fara tunani da shi. In malami ya ce, "Kwabo uku a tara da kwabo huɗu," nan da nan kun ga bakwai a zuci. In ya faɗa da harshen da ba ku ji ba tukuna, sai ku haddace kamar aku, ba ku san abin da kuka faɗa ba. Don haka ne makarantar boko da Hanns Vischer ya buɗe a Nassarawa ta Kano cikin 1909 take koyarwa da Hausa. Shi ne Baturen nan da aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, gidansa na nan Kano har yau.

Turanci kuwa ba abin gudu ba ne. Da shi ake rubuta yawancin jarrabawa. Da shi ake rubuta bayani a jikin kwalbar magani da buhun takin zamani. Yarinyar da ta iya karanta cokali nawa za a ba ƙanenta mara lafiya, ta yi wa gidansu babban amfani. Da shi kuma za ku yi magana da mutanen Ikko da na Fatakwal waɗanda ba su jin Hausa.

Wani zai ce, "Tun da jarrabawa da Turanci ake yi, me ya sa za a ɓata lokaci kan Hausa?" An gwada wannan magana an gani. Cikin 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a ƙasar Ife. Aka koyar da waɗansu yara da Yarabanci shekara 6, Turanci kuma aka ba shi nasa lokaci daban. Da aka auna su da waɗanda aka juya wa karatu zuwa Turanci tun da wuri, sai aka ga ba su baya, har a Turancin ma. Ashe harshen gida tsani ne na hawa zuwa wani harshe.

Wani dattijo kuma zai ce, "Ina tsoro kada baƙon harshe ya raba ɗana da gida." Tsoronsa yana da dalili, gama an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma a dubi magabata. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, don karatu ya kai ga mata har ƙauyuka. Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa, aka buga shi cikin 1934. Shi ne kuma ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 1960 ya yi jawabi da Turanci a madadin Nijeriya. Ba wanda ya ce ɗayan harshen ya ci masa ɗayan.

Saboda haka akwai halaye biyu da ya kamata a kore su daga makaranta. Na farko, a waɗansu wurare akan ci tarar yaro, ko a sa shi tsallen kwaɗo, don kawai ya yi Hausa. Wannan yana koya masa jin kunyar maganar iyayensa. Na biyu, in yaro ya ƙoƙarta ya yi Turanci ya yi kuskure, sai 'yan aji su ƙyalƙyale da dariya, suna cewa, "Ji Bature!" Gobe ba zai sake buɗe baki ba. Wanda bai yarda ya faɗi ba kuwa, ba zai iya hawan keke ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa da nasa aiki. Malami ya bayyana abu da Hausa har yara su gane, sa'an nan ya ba su sunansa da Turanci. Iyaye su riƙa tambayar yaro abin da ya koya yau, ko da su ba su yi boko ba, shi kuma ya mayar musu da Hausa. Ku ɗalibai ku gyara wa juna kuskure cikin ladabi, wanda ya iya ya ja wanda bai iya ba.

Yau in an tashi, kowa ya zaɓi kalma 3 na Turanci da ya koya, ya faɗa wa kakarsa ma'anarsu. Ita kuma ya roƙe ta karin magana 3, ya rubuto su, ya kawo aji gobe.

Tambayoyi
1. Wane ne Ɗan Hausa, kuma me ya yi cikin 1909?
2. Me gwajin ƙasar Ife ya nuna?
3. Faɗi halaye biyu da ya kamata a kore su daga makaranta.