Kowa Ya Sayi Rariya Ya San Za Ta Zubar Da Ruwa

Akwai wani ɗan ƙaramin kare mai daƙusasshen hanci da manyan idanu da fuska mai ninki-ninki da Turawa ke kira Pug. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, 'yan kasuwar Holan suka kai shi Turai a ƙarni na 16, ya shiga fadar Ingila tare da Sarki Wiliyam na Uku a 1688, daga baya kuma Sarauniya Biktoriya ta ƙara masa farin jini. A yau har a wasu gidajen Abuja da Legas ana ganinsa. Babban kukan masu kiwonsa a ko'ina shi ne zubar gashi: a kan kujera, a kan darduma, a jikin tufafi, rani da damina.

Wannan zubar halittarsa ce. Mafi yawan masu launin ƙasa-ƙasa gashinsu hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai santsi, baƙaƙen kuwa galibi hawa ɗaya gare su, shi ya sa zubarsu ba ta kai ta waɗancan ba. Babu sabulu ko maganin da zai tsayar da ita. Abin da mai kare zai iya yi shi ne ya kwashe mataccen gashin kafin ya faɗi, ta hanyar taje shi da buroshin roba sau biyu ko uku a mako, kullum ma idan zubar ta yi yawa, a kuma yi a tsakar gida. Wanka sau ɗaya a wata ya wadatar, da sabulun karnuka, domin yawan wanka na busar da fata ya jawo ƙaiƙayi, musamman da hunturu.

Wasu kan yi masa aski ƙwal da nufin rage masa zafi. Kuskure ne. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, gashin kuma shi ke kare fatarsa daga ƙunar rana. Askin bai hana zubar ba, sai dai ya mai da gashin gajere.

A ganina, masu kukan gashi sun bar jaki suna dukan taiki. Matsalar gaske tana cikin ninkin fuskar nan, inda danshi da ƙura ke taruwa har fata ta yi ja, ta soma wari. Dole a riƙa goge ninkin da tsumma mai laushi, a kuma tsane shi sarai. Binciken da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Masarauta da ke Landan ta fitar a 2022 ya nuna cewa Pug ya ninka sauran karnuka kusan sau 11 wajen kamuwa da ciwon ninkin fata, kusan sau 54 kuma wajen ciwon toshewar numfashi mai nasaba da gajeren hanci. Tun 2019 ƙasar Holan, wadda ta fara kai shi Turai, take aiwatar da dokar hana hayayyafar karnukan da hancinsu ya gajarce ƙwarai.

Saboda haka lokacin taza lokacin bincike ne. A duba kaska da ƙuma, a saurari numfashi. Idan gashi ya tsige a wuri guda har fata ta bayyana, wannan ya wuce zubar da aka saba, sai a garzaya wajen likitan dabbobi.

Ɗan Adam ne ya zaɓi wannan siffa don ta burge shi, dabbar kuma ke ɗauke da wahalarta. Duk wanda ke sha'awar kawo Pug garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ya fara tambayar kansa ko yana da inuwa da ruwa da lokacin da zai ba shi. In tsintar gashi a kan kujera kawai ta gundure shi, to gara ya haƙura tun kafin ya biya kuɗin.