Malami Ɗaya, Aikin Mutum Uku

Da zarar an ta da zancen taɓarɓarewar jami'o'inmu, sai kowa ya nufi yajin aiki. Gaskiya ne, a 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shafe kusan wata tara tana yaji, a 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma ɓarnar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce wadda ake tafkawa alhali makaranta na buɗe.

Ku leƙa ɗakin laccar 'yan aji ɗaya. Ɗalibai maƙil, wasu a kan taga, wasu a tsaye bakin ƙofa, malami na ta ɗaga murya ba lasifika. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya. A zahiri kuwa, malami na fitowa daga jarrabawa da buhun takardu a bayan mota, an ba shi 'yan makonni ya miƙa sakamako. Shi ne jami'in jarrabawa na sashe, shi ke duba kundin 'yan ajin ƙarshe, ga kwamitoci. Yaushe zai zauna ya karanta amsar ɗalibi da natsuwa, har ya nuna masa inda ya kauce?

Sannan idan lokacin ƙarin girma ya zo, abin da aka fi ƙirgawa shi ne maƙalun da ya wallafa. Wanda ya ƙarar da muryarsa a aji da wanda ke zuwa sa'ad da ya ga dama, kusan ma'auninsu ɗaya. Ga yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU da aka yi shekaru ana jan ƙafa a kanta, ga alawus ɗin ƙarin aiki da ke maƙalewa, ga tsadar rayuwa tun cire tallafin mai a 2023. Shi ya sa wasu ke zagaye jami'o'i biyu ko uku suna koyarwar wucin gadi, wasu kuma suka tattara suka bar ƙasar, kayansu ya dawo kan waɗanda suka rage.

Wannan ba uzuri ba ne ga mai tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasinsa, ko mai wulaƙanta yarinyar da ta zo neman sakamakonta. Koyarwa amana ce, kuma akwai malaman da ke riƙe da ita cikin wannan ƙunci. Su ne ya kamata a daina zalunta.

Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya gina ɗakunan lacca masu kyau, amma gini ba ya koyarwa. Ya kamata gwamnati ta ɗauki sababbin malamai, ta biya haƙƙin ƙarin aiki a kan kari. Majalisun jami'o'i kuma su sa ingancin koyarwa cikin ma'aunin ƙarin girma, su riƙa jin ta bakin ɗalibai. Likitan da zai duba mu gobe da alƙalin da zai yi mana shari'a, a hannun wannan gajiyayyen malamin suke yau.