Kuɗinsa ɗan ƙasa, shi kuwa baƙo?

Da zarar an tada maganar ƴan Nijar mazauna waje, sai ka ji wasu sun yi wuf sun jawo karin maganar nan: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Su ne kuwa a sahun gaba wurin miƙa hannu ranar da saƙo ya iso daga Abijan. Ashe kuɗin ɗan biɗa ɗan ƙasa ne, mai kuɗin ne baƙo!

Ba ƙin ƙasa ya fitar da mutanen Adar, Gobir da Damagaram zuwa Kurmi ba. Farin 1973 da na 1984 da rumbun da ke ƙarewa tun kafin bazara su suka kore su. Guminsu ne ya sayi hatsi, ya biya haraji, ya gina rijiya da masallaci a ƙauyukan da gwamnati ba ta tunawa da su sai lokacin zaɓe.

Can inda suka sauka kuwa, ba a taɓa barin su sun manta cewa baƙo raɓa ne ba. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi haka a Najeriya. Tun 1972 Kodebuwa ta daina ba da ɗan ƙasanci saboda haihuwa kaɗai, sannan zamanin Bediye aka shiga tantance wane ne ɗan asali. Yaron da aka haifa a Ajame, ko da can aka haifi ubansa, a takarda baƙo ne.

To, in ya komo gida fa? A yi wa Hausarsa dariya, kotu kuma ta ce sai ya kawo takardar haihuwar uba ko ta kaka, mutanen da aka haifa a ƙauyen da ba a san rajista ba. Sai a 2014 doka ta yarda ɗan Nijar ya riƙe ƙasa biyu. A zaɓen 2016 mazauna waje sun sami kujeru 5 daga cikin 171 na Majalisar Dokoki. A 2020 aka bar su a baya da hujjar annobar korona, ba a cike kujerun ba sai watan Yuni na 2023. Wata ɗaya bayan nan soja suka rushe majalisar.

Duk mai riƙe da mulki a Yamai, soja ne ko farar hula, bashi uku ke kansa: ofisoshin jakadanci su sauƙaƙa wa ƴaƴan da aka haifa a waje samun takardu, a sa sunayensu cikin kundin masu zaɓe, a kuma tabbatar musu da kujeru a duk majalisar da za a kafa. Ƙasar da ta ci gumin ɗa ba ta da bakin musanta shi.

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Ranar da aka sake korar su, ba su da inda za su nufa sai nan.