Maganin tsayar da naƙuda: na likita ne, ba na tire ba

Iyayena mata na kasuwar Filinge da ta Baleyara, yau da ku nake. Bayan wani shirin da na gabatar a rediyo kan ƴaƴa bakwaini, wata ƴar kasuwa ta tare ni, ta ce: "Malam, tunda akwai ƙwayar tsayar da naƙuda, faɗa mini sunanta in saya wa ɗiyata." Na ce: "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba ta tire ba ce."

Gaskiya ne akwai ta. A shekarar 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta amince a ba da nifedipine ga macen da naƙuda ta taso mata tsakanin sati 24 da 34 na ciki. Amma ba ta riƙe ciki har wata tara. Abin da ake nema kwana biyu ne. A cikinsu ake yi wa uwa allurar dexamethasone don huhun jinjiri ya nuna, kuma a samu sukunin kai ta inda ke da kayan aiki, ko asibitin Filinge ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, tafiyar wajen kilomita 180. Wadda ta sha ƙwayar ta kwanta a ɗaki ta zubar da wannan dama.

Ga kuma hatsari. Nifedipine asalinsa maganin hawan jini ne, yana iya kayar da jinin mace. In kuma jini na zuba, ko zazzaɓi ya shiga mahaifa, tsayar da haihuwar na iya halaka uwa da ɗa. Mai tallar magani ba ya auna jini, ba ya jin bugun zuciyar jinjiri. Sajfam ke yin wannan.

Na san uzurin: ranar kasuwa ba a barin rumfa, ga kuɗin mota, ga kunyar cikin fari irin tamu ta Kurfayawa. To, cinikin yini ɗaya ana mayar da shi, rai fa?

Ku da kuke zubin adashi, ku ware wani abu don motar mai naƙuda. Ku tura ƴaƴanku awo, a ba su maganin rigakafin zazzaɓin sauro, don shi ma yana jawo haihuwar bakwaini. In mara ta riƙa murɗawa ko ruwa ya fashe alhali wata bai cika ba, a rufe rumfa, a nufi likita. Allah ya sauke su lafiya.