Wai Ya Je Ya Ji da Shanunsa?

Malam, a teburin mai shayinmu na Palladan na karanta rubutunka, har shayin ya huce ban kurɓa ba. Wai me ya kai likitan dabbobi tsoma baki a annobar mutane, ya je ya ji da shanunsa. Da Farfesa Oyewale Tomori kake, kowa ya gane, duk da ka ƙi kama suna.

Gaskiya ne, likitancin dabbobi ya karanta, a nan Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1971. To amma daga ina zazzaɓin Lassa yake fitowa? Daga ɓeran da ke fitsari a buhun hatsi. Zazzaɓin shawara kuwa sauro ke kwaso shi daga birai. Murar tsuntsayen nan ta 2006, a wata gonar kaji kusa da Jaji aka fara tabbatar da ita a Afirka, nan kan hanyarmu ta Kaduna. Ban manta ba, masu kaji a kasuwar Sabon Gari suka wuni suna hamma, ko zakara ɗaya ba mai tayawa.

Wannan mai shanun naka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka daga 1994 zuwa 2004, ya jagoranci kafa ɗakunan gwajin ƙwayar shan-inna a Afirka. A irin ɗakunan nan aka yi ta auna bayan gidan yara, har aka tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar ta bar nahiyar. Kai me kake aunawa a lokacin, Malam?